Kuka ba ya karya tawakkali

Akwai maganganun da muke jefa wa wanda aka yi wa rasuwa muna ganin nasiha ce, alhali kaya muke ƙara masa. "Haba, ina imaninki?" "Share hawayen nan, ƙona shi kike yi a kabari." "Kai fa namiji ne, in ka yi kuka su matan su yi yaya?" Duk wanda ya taɓa zama a gidan makoki, daga Kano har Maraɗi, ya ji ɗaya daga cikinsu. Masu faɗa ba mugaye ba ne, galibi ma masoya ne da suka rasa abin cewa suka ɗauko abin da suka tarar ana faɗa. Amma maganar ba daidai ba ce, kuma tana ɓarna. Mutum yana fama da rashin nasa, mu kuma mu haɗa shi da zargin kansa, ya riƙa jin Allah yana fushi da shi don zuciyarsa ta ƙi daina ciwo.

Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne, bawa yana iya kuka, ya shekara yana kuka, ya tsaya sallah ya ji ƙirjinsa a bushe, kuma yana nan cikin masu dogaro ga Allah na gaskiya. Ba daga kaina na ƙago wannan ba.

A shekara ta 10 bayan Hijira Manzon Allah (SAW) ya shiga gidan Abu Saif maƙeri, mijin matar da take shayar da ɗansa Ibrahim. Yaron bai kai shekara biyu ba, yana gargarar mutuwa. Idanun Annabi suka fara zubar da hawaye. Abdurrahman bin Auf ya ce, "Har da kai, ya Manzon Allah?" Ya ce masa wannan rahama ce. Sannan ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi, kuma lallai mu masu baƙin ciki ne da rabuwa da kai, ya Ibrahim. Hadisin yana cikin Bukhari. Ku lura, bai ɓoye ba. Ya ambaci baƙin cikinsa da bakinsa, a gaban sahabbansa, ya kira sunan yaron.

Kuma wannan uba ne da ya riga ya san hanyar maƙabarta. 'Ya'ya bakwai Allah ya ba shi, shida ya rasa yana raye: Ƙasim da Abdullahi suna ƙanana a Makka, Ruƙayya lokacin yaƙin Badar, Zainab a shekara ta 8, Ummu Kulsum a ta 9, sai Ibrahim. Nana Faɗima ce kaɗai ta rayu bayansa, ita ma da kamar wata shida. Mahaifiyarsa Amina ta rasu a Abwa yana ɗan shekara shida. Ya haura hamsin lokacin da ya ziyarci kabarinta, ya yi kuka har ya sa na kusa da shi kuka, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Shekaru bayan rasuwar Nana Khadija, 'yar'uwarta Hala ta yi sallama a ƙofa, ya ji irin sallamar Khadija, sai jikinsa ya motsa ya ce, "Ya Allah, Hala ce!" In ya yanka akuya sai ya aika wa ƙawayen Khadija rabonsu. To mu wane ne da za mu ce wa mace, wata uku da binne ɗanta, "Har yanzu ba ki manta ba?"

Na san wani zai ce ai akwai hadisin da ya ce ana azabtar da mamaci saboda kukan iyalansa. Akwai shi, kuma ingantacce ne. Sai dai Nana A'isha da kanta ta yi gyara a kan yadda aka fahimce shi, ta kawo ayar da ta ce wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. Malamai da yawa kuma sun ɗora shi a kan kururuwa irin ta jahiliyya, musamman in mamacin ya yi wasiyya da ita ko al'adarsa ce yana raye. Abin da shari'a ta hana a fili yake: marin fuska, yaga tufafi, birgima ana ihu, faɗin maganar da take tuhumar hukuncin Allah. Wannan ban kare shi ba, ba kuma zan kare shi ba. Hawayen da ke sauka a kuncin uwa tana jan carbi ba ya cikin wannan lissafin.

Wanda na fi tunawa a kwanakin nan shi ne Annabi Yakubu (AS). Shi ko gawa bai gani ba. Riga aka kawo masa da jinin ƙarya. Ya ce haƙuri mai kyau zai yi, kuma Alƙur'ani bai ƙaryata shi ba, amma a cikin Suratu Yusuf ɗin dai aka ba mu labarin ya juya musu baya yana cewa "ya baƙin cikina a kan Yusufu", idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki. Bayan shekaru masu yawa ke nan. 'Ya'yansa suka ce masa, wallahi ba za ka daina ambaton Yusufu ba sai ka nakasa ko ka halaka. Irin maganarmu ce sak. Amsar da ya ba su tana aya ta 86 a Suratu Yusuf: ni Allah kaɗai nake kai wa ƙarar damuwata da baƙin cikina. A aya ta gaba kuma shi ne yake ce musu su je su nemo labarin Yusufu da ɗan'uwansa, kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Tsohon da kuka ya ɗauke wa gani, shi ne ya fi kowa a gidan kyautata zato ga Ubangiji.

Yakubu nawa muke da su yau a Borno da Yobe da Zamfara da Katsina? A 2019 ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta ce kusan mutum 22,000 aka kai mata rahoton ɓacewarsu a Najeriya. Cikin 'yan mata 276 da aka kwashe a Chibok a Afrilun 2014 akwai waɗanda har yau ba su dawo gida ba. Waɗannan iyayen ba su yi zaman makoki ba, ba a yi musu sadakar uku ba, ba su da kabarin da za su ziyarta. Matar da mijinta ya ɓace ba ta san ko takaba za ta shiga ko jira za ta ci gaba da yi ba. Duk wanda zai ce wa irin waɗannan su daina kuka don su nuna sun yarda da ƙaddara, ya fara karanta Suratu Yusuf zuwa ƙarshe tukuna.

Kuka ma da sauƙi, don ana ganinsa. Akwai abin da ya fi shi nauyi, wanda ba a cika faɗa ba saboda tsoro.

Yayata ta rasa ɗanta na fari a haɗarin mota, saurayi da ya kusa gama karatu. A kwanakin makoki kowa yabonta yake: "Kai, baiwar Allah nan akwai tawakkali." Tana zaune a kan tabarma da hijabi, tana amsa gaisuwa, "Haƙuri sai ma'aiki, mun gode, Allah ya ba da lada." Bayan an yi arba'in, an mayar da tabarmin aro, gida ya koma shiru, na je gaishe ta da la'asar. Na tarar da ita a bakin murhu, tukunya a kai, wutar ta mutu ba ta sani ba. Takalmansa suna nan a ƙofar ɗaki inda ya saba ajiyewa, ta hana a ɗauke. Muka gaisa, muka yi shiru. Can ta ce, "Ƙanina, zan faɗa maka wata magana, kada ka faɗa wa kowa a gidan nan. Ina sallah, amma ba na jin komai. In na ɗaga hannu zan yi addu'a bakina ya ƙi. Kullum na roƙa masa tsari kafin ya fita, ranar ma na roƙa. Wani lokaci tambaya takan zo min, sai in yi ta istigfari jikina yana rawa. Anya ban fita daga Musulunci ba?"

Da izininta nake rubuta wannan, don ta ce ta tabbata ba ita kaɗai ba ce. Kuma gaskiya ta faɗa.

Wasu sahabbai sun zo wa Annabi da irin wannan. Suka ce muna samun wani abu a ranmu wanda ɗayanmu yake jin girman ya furta shi. Ya ce, kun same shi kuwa? Suka ce e. Ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Muslim ne ya ruwaito. Malamai suka ce abin da ya kira imani shi ne firgitar da suka yi da ƙyamar abin. Zuciyar da ta rabu da Allah ba ta rawar jiki don wata tambaya ta gitta mata. Hanzala ma, ɗaya daga cikin marubutan Annabi, ya haɗu da Sayyidina Abubakar ya ce masa shi Hanzala ya munafurta, don abin da yake ji a majalisin Annabi yana gushewa in ya koma cikin iyali da gona. Abubakar ya ce wallahi mu ma muna samun haka. Suka tafi tare, Annabi ya ce masa, ya Hanzala, lokaci da lokaci ne. Abubakar fa, bai tsawatar masa ba, bai ce ya je ya gyara imaninsa ba. Ya ce ni ma, ya kama hanya ya raka shi.

Shi kansa Manzon Allah an taɓa jinkirta masa wahayi har wata mata daga mushirikai ta yi masa gori cewa an yashe shi. Sai Suratud Duha ta sauka: Ubangijinka bai rabu da kai ba, bai kuma ƙi ka ba. Allah ya rantse da hantsi, ya kuma rantse da dare in ya lulluɓe, duka biyun nasa ne. A shekara ta 10 da aiko shi Abu Ɗalib ya rasu, Khadija ta rasu, tsakaninsu ba nisa, har malaman tarihi suka sa wa shekarar suna shekarar baƙin ciki. Ya tafi Ɗa'ifa neman wanda zai karɓe shi, aka tura masa yara da wawaye suna jifa. Da A'isha ta tambaye shi ko ya ga ranar da ta fi ta Uhudu tsanani, wannan ya ba ta labari. Ya ce ya tafi cikin damuwa, inda fuskarsa ta nufa kawai, bai farga ba sai a Ƙarnus Sa'alib. Mafi cikar halitta ya yi tafiya mai nisa bai san inda ƙafarsa take kai shi ba saboda nauyin zuciya. Duk wanda ya taɓa fitowa daga maƙabarta ya tsinci kansa a wata unguwa bai san yadda ya zo ba, ya san wannan tafiyar.

Nana Maryam, da naƙuda ta kai ta gindin dabino ita kaɗai, cewa ta yi ina ma na mutu kafin wannan, na zama abin da aka manta. Ba a tsawatar mata ba. Aka kira ta aka ce kada ki yi baƙin ciki, ga ruwa a ƙarƙashinki, girgiza dabinon, ki ci ki sha. A Suratul Baƙara aya ta 214 kuwa, an girgiza muminai har manzo da waɗanda suke tare da shi suna cewa yaushe taimakon Allah zai zo. Allah ya rubuta tambayarsu a littafinsa muna karantawa a sallah.

Imani a irin wannan lokaci kamar garwashin da iyayenmu mata suke rufewa da toka da daddare ne. Ka duba murhu ka ce wuta ta mutu, sai da asuba a tona a hura. Mai shi ba ya ganin haske, ba ya jin ɗumi, shi ya sa yake tsorata.

Malamai da dama sun bambanta haƙuri da yarda. Haƙuri wajibi ne: ka riƙe harshenka da gaɓoɓinka daga abin da Allah ya hana ko da zuciyarka tana ƙuna. Yarda, wato zuciya ta kwanta da hukuncin har ta daina jin ɗacinsa, daraja ce ta sama, ana so, amma ba a ɗora wa kowa ita dole ba. Kuskurenmu shi ne muna neman ta biyun a wurin mutum tun ran da aka kai gawa. Wanda ya tashi ya yi alwala da ruwan sanyi ya yi raka'a biyu ta asuba bai ji komai ba, gobe ma ya sake, jibi ma ya sake, ni a ganina dogaronsa ya fi na wanda bai taɓa shiga duhu ba. Babu daɗin ibada da yake ja shi. Sanin cewa ba shi da wata ƙofa sai wannan ne kawai yake tsayar da shi.

Don haka in kai ne a wannan hali, ɗan'uwa, ko ke ce, 'yar'uwa, riƙe farilla ko da a zaune ne in jiki ya gaza. In doguwar addu'a ta ƙi fita, annabawa ma a tsananinsu gajera suka yi. Yunusa (AS) a cikin duffai: La ilaha illa anta subhanaka inni kuntu minaz zalimin. Ayuba (AS) cewa kawai ya yi cuta ta shafe ni, kai ne mafi jin ƙan masu jin ƙai. Ummu Salama, da mijinta Abu Salama ya rasu sanadin raunin da ya samu a Uhudu, ta tuna addu'ar da Annabi ya koyar: Allahumma ajurni fi musibati wa akhlif li khairan minha, wato ya Allah ka ba ni lada a musibata, ka musanya min da abin da ya fi wanda na rasa alheri. Ita da kanta ta ba da labari cewa sai da ta ce a ranta, wane Musulmi ne ya fi Abu Salama? Sannan ta faɗa duk da haka. Zuciyarta ba ta hango yadda za a yi ba, harshenta ya yi biyayya, aka karɓa.

A nan ma sai mun yi hattara. Ummu Salama ta ga musanyarta a duniya, Annabi ya aure ta. Yakubu ya ga Yusufu. Amma ba kowa ba ne. Manzon Allah bai sake samun ɗa ba bayan Ibrahim. Mutanen Majiya a Jigawa da suka binne sama da mutum 150 bayan gobarar tankar mai a Oktoban 2024, akwai gidan da ba zai sake cika ba har abada. Idan muka riƙa cewa "bayan wuya sai daɗi, nan da shekara za ki ga abin da Allah zai yi miki", alkawarin da Allah bai sa wa rana ba muke sa wa rana, in ranar ta wuce kuma mu bar mutum da sabon shakku. Abin da aka yi alkawari tabbas shi ne lada ba da lissafi ba ga masu haƙuri, da salati da rahama daga Ubangiji ga masu cewa Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, da haɗuwa a gidan da ba a rabuwa. Lokaci da siffar sauƙin duniya kuwa ilminsa yana wurinsa.

Saura mu da muke zuwa gaisuwa. Da labarin shahadar Ja'afar bin Abi Ɗalib ya zo daga Mu'uta a shekara ta 8, Annabi ya ce a yi wa iyalan Ja'afar abinci, don abin da zai shagaltar da su ya zo musu. Yau a gidaje da yawa masu rashin ne suke cin bashi su sayi buhun shinkafa, su yi hayar rumfa da kujeru, su ciyar da mu. Wasu kuma tun ba a yi wa mamaci wanka ba sun ɗora hotonsa a Facebook, uwa ta ji mutuwar ɗanta a wayar maƙwabciya. Wallahi wannan ya kamata mu daina.

Nana A'isha kuwa, in an yi rasuwa a danginta mata suka taru, sai ta jira su watse, ya rage 'yan gida da na jiki, sannan ta sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, ta ce su sha, don ta ji Annabi yana cewa tana hutar da zuciyar mara lafiya, tana rage baƙin ciki. Bayan an watse. Mu kuwa a nan ne muke ɓacewa. Ranar uku gida ba masaka tsinke, ranar bakwai an ragu, bayan arba'in ko waya babu. Mai takaba tana da wata huɗu da kwana goma a ɗaki, yawancinsu ita kaɗai da marayu da tunanin kuɗin haya. Magidancin da matarsa ta rasu kuwa, sati biyu abokai sun fara yi masa zancen sabon aure, babu wanda ya tambaye shi yadda yake kwana. Ka koma a wata na biyu da na biyar. Ka ambaci sunan mamacin, ka ba da wani labarinsa mai daɗi, yawancin masu rashi suna ƙishin jin sunan da kowa yake kauce wa. In ta yi kuka ka bar ta ta gama. In ta faɗi maganar da ta tsorata ka, kada ka yi saurin jawo mata aya kana yanke hukunci, ka yi irin na Abubakar.

Wani baƙin cikin kuma yakan rikiɗe ya zama ciwo na asibiti. In watanni sun shuɗe mutum ba ya barci, ba ya cin abinci, ya daina wanka, ya daina fita, ya rame, ko ya fara cewa gara ma ya bi mamacin, to ba raunin imani ba ne, ba kuma lallai aljanu ba ne. Ciwon damuwa ne, yana kama malami yana kama jahili, kuma yana da magani. A yi ruƙiyya da addu'a, a kuma kai shi wurin likita, ɗaya ba ya hana ɗaya, Annabi da kansa ya ce bayin Allah ku nemi magani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Maiduguri da Kware ta Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Kunyar kada a ce "an kai wane Dawanau" ta sa gidaje da yawa sun zauna da mara lafiya har abin ya gagara. In ɗan'uwanka ya furta maka cewa ya gaji da rayuwa, kada ka ce masa ya yi istigfari kawai ka tashi ka tafi. Kada a bar shi ya kwana shi kaɗai a daren, a kawar da magunguna da fiya-fiya da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi daga ɗakin, a sanar da wani babba a gidan, da safe kuma kai da kanka ka raka shi asibiti.